Yanda zaka fara OpenTTD ba tare da ka karye ba, daga layin kwal ɗaya har jirgin Katsina da Daura

Duk wanda ya taɓa shiga motar Daura da sassafe ya zauna ana jiran mutum biyu su cika ta har rana ta take, ɗan kamasho na ta ihun saura mutum ɗaya alhali kai kana ganin kujera uku babu kowa, to wallahi ya riga ya san rabin gem ɗin nan tun kafin ya buɗe shi. OpenTTD gem ne da ake baka kamfanin sufuri, kai zaka shimfiɗa layin dogo, ka gina tasha, ka sayi bas da tirela da jirgin ƙasa da na sama da na ruwa, ka kwashi kaya da mutane kana karɓar kuɗi. Asalinshi Transport Tycoon ne da Chris Sawyer ya yi a 1994, sai Deluxe ɗinshi a 1995, daga baya a 2004 masu son gem ɗin suka sake rubuta shi suka sake shi kyauta, kuma har yau ana ta gyara shi. Abun da yasa nake tallar shi ga yaran unguwarmu shine ba ya cin data, bai kai girman fim ɗaya ba, kuma tsohuwar laftof ɗin nan da yayanka ya gama makaranta da ita ya jefar a ƙarƙashin gado zata ɗauke shi lafiya lau. Ka sauke shi daga shafinsu openttd.org, in ka buɗe karon farko zai nemi ya sauko da zanen da ake kira OpenGFX, ka yarda mashi. Akwai na waya ma a Android amma gaskiya shimfiɗa layin dogo da yatsa wahala ce, in da hali ka nemi mawus ko na hannu ne.

Kafin ka danna fara wasa

Anan mutane ke fara cutar kansu. Sai ka ga yaro ya zaɓi taswira mafi girma, 4096 sau 4096, ya cika ta da duwatsu da ruwa ya zuba abokan hamayya, bayan minti ashirin ya ce gem ɗin ba daɗi. Kai dai ka zaɓi 256 sau 256, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ruwa kaɗan, abokan hamayya sifili, shekarar farawa ka barta a 1950 yanda take. Yanayi huɗu ne: na Turai mai ciyawa, na ƙanƙara, na zafi mai hamada, da na kayan wasan yara wanda ni ko kallo bai ishe ni ba. Na san zuciyarka zata ja ka zuwa na hamadar saboda yafi kama da gida, ka yi haƙuri tukun, babu kwal a can kuma garuruwan akwai rigima, zamu zo kanshi. Ka fara da na ciyawar.

Sannan ka shiga saiti ka kashe lalacewar mota, don in ka barta a kunne jirgi zai riƙa tsayawa tsakiyar hanya yana hayaƙi duk na bayanshi su jeru. Ka tabbatar ajiyar da gem ke yi da kanshi a kunne take, kasan halin wutarmu, ni sau ɗaya aka ɗauke wuta batir ɗina kuma ya riga ya mutu, aikin shekara goma sha na cikin gem ya tafi a banza. A wajen kuɗi akwai inda zaka tsara naka, ka sa harafin N a gaba ya zama kamar naira, babu abun da yake canzawa a lissafi amma yafi daɗin gani.

Za'a baka bashin fam dubu 100, kana iya ƙarawa har dubu 300 in baka taɓa saitin ba, ana ƙarawa dubu goma-goma, in ka riƙe Ctrl ka danna sai ya baka duka lokaci ɗaya. Ka danna F1 ka tsayar da lokaci kafin ka fara dube-dube, saboda shekarar gem ba ta kai kwatan awa ba.

Layin farko: kwal, ba fasinja ba

Kowa so yake ya fara da bas tunda ita muka sani. Bas ɗin farko, MPS Regal, mutum 31 take ɗauka tana tafiya kilomita 56 a awa, abun da zata kawo maka ba zai sayi tarago ɗaya ba sai an daɗe. Kuɗin farko a kwal yake. Dalili kuwa yanda ake biya ne: ana duba yawan kayan, da nisan da ke tsakanin tashar da ka ɗauka da wadda ka sauke, da kwanakin da kayan suka yi a hanya. Fasinja in ya daɗe kuɗinshi zubewa yake da sauri, kwal kuwa ba ruwanshi, ko ya kwana biyu a hanya darajarshi a hankali take sauka. Kuma tashar wutar lantarki da ake kai mawa ba ta ƙoshi ba ta rufewa, ko nawa ka kawo zata karɓa.

To ka buɗe ƙaramar taswira ka danna alamar masana'antu, ka nemo mahaƙar kwal, ka danna kanta ka ga tan nawa take fitarwa a wata, wadda ta haura ɗari ita kake so. Sai ka nemo tashar wuta da ke da ɗan nisa, kamar murabba'i 60 zuwa 100, wato ƴan akwatunan nan da aka raba ƙasar taswira da su. Kar ka zaɓi wadda ke maƙwabtaka da mahaƙar don ka ga layin zai yi arha, wannan kamar ka sayi tirela ne kana lodi daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya. Wani abu da mutane basu lura dashi: nisan da ake biya tsakanin tasha da tasha ne, ba tsawon layin da ka shimfiɗa ba, don haka in ka yi ta zagaye-zagaye kanka ka cuta.

Ka buɗe kayan aikin layin dogo ka ɗauki tasha. Ka zaɓi layi biyu, tsawo biyar ya isa a farko, kuma ka kunna abun da ke haska yankin da tashar ke kamawa. Tashar jirgi tana kama murabba'i huɗu ta kowane gefe, ta mota uku. Kafin ka dasa ta ka karanta rubutun da ke ƙasa, a wajen mahaƙa ya nuna tana samar da kwal, a wajen tashar wuta ya nuna tana karɓar kwal. In bai nuna ba ka matsa da ita, in ka dasa haka nan jirgi zai je ya dawo da kayanshi kamar mai tallar da ba'a taya ba.

Harafin A a kibod yana baka abun shimfiɗa layi, ka ja kawai. Ka guji hawa tudu in zaka iya, ka guji kwana mai kaifi, jirgi rage gudu yake a kwana kamar yanda direba ke yi, kwana biyu a jere kuwa kashe shi suke. Kar ka yi ta fasa tudu kana cike rami, a nan kuɗin farko ke ƙarewa ba ka sani ba. Sai ka gina defo a jikin layin kusa da mahaƙar ka tabbatar ya haɗu da layin.

Cikin defo ka sayi kan jirgi. A 1950 zaka ga Kirby Paul mai arha, gudunshi 64 ne kuma ba ƙarfi, in ka ɗaura mashi tarago takwas ya tarar da tudu sai ka tausaya mashi. Ka daure ka sayi Chaney Jubilee mai 112, ko Ginzu A4 mai 128 in aljihu ya yarda. Taragon kwal tan 30 yake ci. Kowane tarago rabin murabba'i ne, kenan tasha mai tsawo biyar zata ɗauki kai ɗaya da tarago tara, kar ka wuce haka, in wutsiyar jirgi ta leƙo wajen tasha lodi jan jiki yake sosai.

Saura umarni. Ka danna jirgin, ka buɗe jerin umarninshi, ka danna je-ka sannan ka riƙe Ctrl ka danna tashar mahaƙa, wannan shi zai sa ya tsaya sai ya cika. Sai ka ƙara tashar wuta, ita ba sai ka ce komai ba zai sauke da kanshi. Ka danna jan layin da ke ƙasan tagar ya koma kore. Kar ka tsorata in ka ga tashar babu kwal ko ɗaya, ba'a fara kawowa sai jirgi mai ɗaukar kwal ya taɓa zuwa.

Jirgi na biyu, inda ake kuka

Wani baba maƙwabcinmu da ya shekara da shekaru yana jan babbar mota zuwa Legas ya taɓa zama gefena yana kallo, ya ga jirgi ya tafi kwal na taruwa a tasha, sai yace "Kai yaro, wa ka bari a layi? Ai ba'a barin tasha ba mota, in wannan ta tashi wata ke shiga lodi." Nace Baba ai gem ne, yace ko a gem ne. Kuma gaskiyarshi, don haka lissafin gem ɗin yake. Kowace tasha tana da maki na kashi ɗari akan kowane kaya, kuma makin shi ke nuna kaso nawa na abun da mahaƙa ta fitar za'a baka. Yana hawa in ana ɗauka akai-akai, in kaya basu taru jibgi ba, in jirgin mai gudu ne kuma sabo. In ya faɗi ƙasa da rabi har kayan da ke jira ɓacewa suke fara yi. In kana kwashe sama da kashi 60 mahaƙar tafi yiwuwar ƙara fitarwa, in kana wasa da ita sai ta yi ta ja baya. Maganin dai shine na Baba, kullum a samu jirgi ɗaya tsaye yana lodi.

To amma jirgi biyu a layi ɗaya sai da sigina. Ɗan yayata na bar ma laftof ɗin wata ranar Juma'a na tafi masallaci da wuri, na dawo na tarar da shi yayi tsuru-tsuru. "Kawu, jirgin ne yaƙi fitowa daga defo, sai na danna wannan." Wannan ɗin da ya nuna mani maɓallin da ke tilasta ma jirgi ya wuce jan sigina ne. Jirgin ƙin fitowa yayi saboda akwai wani akan layin, shi kuma ya tura shi dole, suka yi gaba da gaba a kusa da gada, kai biyu da tarago goma sha takwas duk suka ƙone, makin tashoshin kusa ma ya zube. Wannan maɓallin ka ɗauka babu shi.

Ga yanda ake yi. Ka shimfiɗa layi na biyu a gefen na farko, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. A bakin kowace tasha ka haɗa layukan biyu da gicciye kamar alamar X, yanda jirgin da ya taho zai iya shiga kowane ɗaya cikin layukan tashar, mai fita ma ya iya komawa hannunshi. Sai ka ɗauki sigina mai kama hanya, wadda ba'a wuce ta ta baya, ita ce mai ɗan allo a jikinta. Yanda take aiki, jirgi kafin ya wuce ta sai ya kama hanya tun daga nan har wuri na gaba da zai iya tsayawa lafiya, in bai samu ba ya jira. Saboda haka ƙa'idar ɗaya ce tak, kuma in ka riƙe ta ka gama da sigina: ka sa ta inda in jirgi ya tsaya ba zai tare ma kowa hanya ba. Kafin mahaɗa, eh. Daf da bayan mahaɗa, a'a, sai ka bar tazarar da jirgi sukutum zai shige, in ba haka ba zai tsaya kanshi a waje wutsiyarshi cikin mahaɗa, kamar mai Keke Napep ɗin da ya tsaya ɗaukar fasinja a tsakiyar shataletale. Cikin gicciyen nan na bakin tasha kar ka sa komai.

A doguwar hanya kuma ba sai ka yi ta dasawa ɗaya-ɗaya ba, ka sa ta farko tana fuskantar inda ya dace, ka saita tazara kamar huɗu ko biyar, ka riƙe Ctrl ka ɗan ja, zata jera kanta har mahaɗa ta gaba. Ka duba fuskarta da kyau, in ka juya ta baibai jirgi zai tsaya yana cewa ya ɓata hanya. Jirgi na biyu kuma ba sai ka sake haɗa shi ba, a defo akwai maɓallin kwafi, ka riƙe Ctrl lokacin da kake danna na farkon sai su zama umarninsu ɗaya, gobe in ka canza ma ɗaya duk sun canza. Ranar da jiragenka suka kai talatin zaka gode mani.

Da kuɗi sun fara shigowa ni bashin nake fara ragewa in dai babu wani layi da ke jirana, kuɗin ruwan ba yawa amma ban son ganinshi. Sai ka nemi wata mahaƙar kusa ka jona ta a layin da kake da shi maimakon sabon layi daga farko. Daga nan sarƙa: daji zuwa injin katako, ƙarfe zuwa masana'antar narka shi sannan zuwa fakitiri, gona ma hatsi da dabbobinta fakitiri suke zuwa, fakitiri ta fitar da kaya ka kai babban gari. Daɗin sarƙa shine ana biyanka a kowane zango.

Garuruwa da ƙaramar hukumarsu

Yanzu ne lokacin bas. Ka danna sunan gari zaka iya canza shi, ni babban garin nake maida wa Katsina, na gabas da shi Daura, na tsakaninsu Mashi, sauran in raba masu Mani, Dutsin-Ma, Kankia, Jibiya, Funtuwa can kudu. Gari yana girma ne in ana hidimar tashoshinshi, kuma har tasha biyar ake ƙirgawa, don haka ka dasa ƙananan tashoshin bas huɗu ko biyar a cikin gari ka sa bas biyu suna zagayawa. Su kar ka ce masu sai sun cika, fasinja ba kwal bane, in ka sa bas jiran cika sauran tashoshin zasu bushe. Ribar bas ɗin ba komai bace, garin kake kiwo.

In garin ya yi ƙiba sai ka haɗa Katsina da Daura da jirgin fasinja, tarago ɗaya mutum 40, ka ƙara na wasiƙu guda. Tashar jirgi ba zata shiga tsakiyar gari ba sai ka rushe gidaje, to ka gina ta a gefe, bas su kwaso mutane su kawo, a umarnin bas ɗin ka zaɓi miƙa kaya ba saukewa ba. Kuɗin da zaka ga ya tashi rawaya a nan ba naka bane tukun, sai jirgi ya kai su inda zasu ake biya na gaske. Ni duk sanda na ja wannan layin sai na tuna da na gasken da aka aza harsashinshi a 2021, Kano zuwa Maraɗi, wanda ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kusan kilomita 284. Mu da jirgi ya tsaya mana a Funtuwa tun zamanin Turawa, a laftof dai na riga su kaiwa. Ga jami'ar sufuri a Daura, ɗalibanta ya kamata ace kowa na da gem ɗin nan.

Hukumar gari kuwa tana da fushi. Duk bishiyar da ka sare a yankinta ana cire maka maki 35, wadda ka dasa kuma bakwai kacal ake baka, in ka ja layi ta cikin kurmi sai ka zo gina tasha a ce an hana ka. Maganin mai arha ka ɗauki abun dasa itace ka ja shi akan fili mai faɗi inda babu bishiya a kusa da garin, har su huce. Akwai cin hanci a cikin zaɓin, tsada gare shi kuma kusan sau ɗaya cikin 14 ana kama mutum a hana shi harka da garin wata shida. In kuɗi sun zauna ka gina mutum-mutumin kamfani, yana ɗaga makin duk tashoshinka na garin. Ka riƙa leƙa tallafin da ake sanarwa ma, in an ce ana neman mai kai kaya daga wuri kaza zuwa kaza, wanda ya fara kaiwa ana ninka mashi kuɗin, daga ɗaya da rabi har huɗu gwargwadon saiti.

Abun da ke kashe kamfani a tsakiyar wasa tsufan motoci ne. Ka kunna sabuntawa ta kai tsaye a saiti, kuma in sabon kan jirgi ya fito, kamar SH 8P da ke zuwa a shekarun 1950, ka shiga jerin jirage ka zaɓi musanyawa, duk wanda ya shiga defo sabis za'a canza mashi. Jirgin sama yana kawo kuɗi kamar hauka tsakanin manyan garuruwa masu nisa, amma kar ka sauke babban jet a ƙaramin fili, faɗuwa yake. Inda titi ya tsallaka layin dogo kuma ka yi gada, jirgi baya taka birki don bas.

Sai hamadar da nace ka jira

In hannunka ya faɗa, ka buɗe sabon wasa a yanayin zafi, nan ne zaka ji kamar a gida. Garin da ke cikin hamada ba zai ƙara ko gida ɗaya ba sai kana kai mashi abinci da ruwa duk wata, ko bas ɗari ka zuba. Ruwan daga maɓuɓɓuga ake ɗaukowa a tankoki a kai hasumiyar ruwa da ke cikin garin, in garin ba shi da ita kai zaka biya a gina, ni dai Ajiwa, sunan dam ɗin da ke ba Katsina ruwa, nake sa ma tashar ruwan kowane lokaci. Abinci kuma sai ka kwashi masara daga gona ko 'ya'yan itace ka kai masana'antar abinci, sannan ka ɗauko abun da ta fitar ka kai gari. Tunda babu kwal, layin farko ka yi shi da tagulla ko roba zuwa fakitiri, ko mai zuwa matata. Jirgin lantarki babu shi a wannan yanayin, da tururi da dizal zaka yi ta fama har zuwan na zamani.

In kuna da laftof biyu a gida ku haɗa su a hotspot ɗaya, ɗaya ya buɗe wasa ɗayan ya shiga, kamfani har 15 ke iya zama a taswira guda. Ni da ɗan yayar nan tawa yanzu haka muke yi, shi ya riƙe Daura ni Katsina, kuma satin da ya wuce na kama shi ya dasa tasha a bayan mahaƙata yana raba kwal ɗin da ni, makinshi har ya fi nawa saboda ya sayi sabon kai ni ina ta jan tsohon Jubilee.